Gashin Mata Huɗu a Kan Yaya Kalina

Yayata Kalina ta girme ni da shekara shida. Tun muna 'yan mata a garinmu Plovdiv, idan za a kwatanta ta ba a haɗawa da sunan babanmu. "Kalina mai gashi" kawai ake cewa, kowa ya gane. Baƙi ne siɗik, mai kauri, in ta warware shi har ƙugunta yake kaiwa. Ranar da za ta wanke shi tukunya biyu mahaifiyarmu take ɗorawa a wuta, ni sai dai in jira ragowar ruwan da ya huce. A wurin rawa kuwa ita ce kan layi. In ta juya, jelar gashin nan sai ta yi sama, samari na kaucewa kada ta shauɗe su a ido.

A can Dobri ya gan ta. Direban babbar mota ne, ƙato, hannunsa kamar faranti, amma gaban mace bakinsa mutuwa yake yi. Ya yi watanni yana rako ta gida, ba abin da yake ba ta sai labarin taya da birki. Ita ce ta gaji ta ce masa, "Dobri, in aurena kake so ka faɗa mana, takalmina ya kusa cinyewa."

Suka yi aure, suka kama ɗaki biyu a wani tsohon gidan haya a hayin kogin Maritsa. Da na yi nawa auren, ni ma nan muka samu wuri. Tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, da rumfar inabi wadda ba wanda ya san wa ya dasa ta. Akwai Goggo Stoyna, tsohuwar da mijinta ya tafi yaƙi bai dawo ba. Akwai Gergana mai yankan tikiti a motar safa, wadda muryarta ke riga ta shigowa gida. Akwai kuma Nadiye, Baturkiya mai ɗinki, wadda sai ka wuni da ita ba ka ji maganarta ba sai ƙarar kekenta. Kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa.

Yaya ba ta cika talatin ba gashin ya fara zuba. Wani ɗan fili ta fara gani a bayan kunne, bai fi faɗin maɓallin riga ba. Kafin sanyi ya wuce filayen sun haɗe. Likitoci suka yi allurai, suka ba da man shafawa. Goggo Stoyna ta gwada tafarnuwa da ruwan albasa har gidan ya ɗauki wari. Dobri ya kai ta Sofiya, babban birnin ƙasar, wurin babban likita, ya duba ta tsaf ya ce lafiyarta ƙalau, gashin ne kawai ya tafi, kuma bai san ko zai dawo ba. Bai dawo ba. Har gira sai da ta bi shi.

A wurin aiki ba ta da damuwa, don a masana'antar taba inda take tsintar ganye kowace mace da ɗankwali take. Amma a titi, a zamanin nan, ba mai ɗaura ɗankwali sai tsofaffi da matan ƙauye. Wata rana a cikin mota wani saurayi ya miƙe ya ce mata, "Zauna, Iya." Ta zauna ɗin, ta gode masa. Da ta dawo gida ta ba mu labari tana dariya, amma daga ranar ba ta ƙara zuwa biki ba, balle rawa.

Haka aka yi wajen shekara uku. Sai wata tafiya da Dobri ya yi zuwa Jamus da kayan gwangwani, ya dawo rungume da wani kwali kamar mai ɗauke da jariri. Daga baya abokin tafiyarsa ya faɗa mana cewa tun daga zuwa har dawowa burodi da kifin gwangwani Dobri ya riƙa ci a cikin mota, don ya tara guzurinsa. Ina ɗakin lokacin da ya ajiye kwalin a kan tebur.

"Kalinche, buɗe ki gani," in ji shi. Haka yake kiranta in ba kowa, ni kuwa ba ya lissafa ni cikin mutane.

Ta buɗe. Hular gashi ce, gashin roba, launinsa ja-ja, yana ƙyalli kamar an shafe shi da mai.

"Yaya aka yi ka san girman kaina?"

"Ba na jin yarensu, su ma ba sa jin nawa. Sai na yi musu haka." Ya haɗa manyan tafukansa ya kwatanta. "Na ce kanki kamar haka yake."

Ta juya mana baya, ta cire ɗankwali, ta ja hular ta sa da ƙyar. Ina kallon yadda robar ta kama bayan kunnenta. Da ta juyo, sai na ga idon Dobri ya kawo ruwa.

"Ta yi?"

"Kamar don ni aka yi ta," in ji Yaya.

Shekara huɗu tana sa hular nan. Ta matse ta, cikinta kuma kaushi ne da shi kamar buhu. Kowa ya san zafin Plovdiv in rani ya tsaya. Sai ka ga gumi na gangarowa ta gefen kunnenta, da yamma kuma ciwon kai. Na sha tarar da ita ta zura allurar saƙa ta ƙarƙashin hular tana susa, idonta a rufe.

"Yaya, ki faɗa masa mana," na ce. "Wannan ai azaba ce."

"Donka, kin ga fuskarsa ranar ko ba ki gani ba?"

"Na gani."

"To rufe min baki."

Dobri ya fi zama a hanya, in kuma yana gida ba ta taɓa bari ya ga kan a buɗe ba. Daga hula sai ɗankwali. Mu matan gida muka haɗa baki ba tare da an yi shawara ba. Ko Gergana, da ba ta iya riƙe magana, in baƙo ya zo sai ka ji ta ce, "Kalina, wa ya gyara miki gashi haka? Ki kai ni mana." Yaya ta koma zuwa biki, har tana shiga rawa, amma a tsakiyar layi, wuya a sandare kamar mai ɗauke da tulu.

Abin ya fashe ne a wata kaka, lokacin gashin tattasai. Duk shekara gidan gaba ɗaya muke haɗuwa mu sayo jan tattasai buhu-buhu, mu hura wuta a tsakar gida, mu gasa shi a kan faffaɗan ƙarfe, mu ɓare, mu niƙa da tumatir, mu dafa miyar da muke kira lyutenitsa, wadda za a ci da burodi har ƙarshen sanyi. Maza na juya injin niƙa suna kurɓar barasar inabi, mata na ɓara, ƙamshi har titi na uku. Kullum Yaya na can gefen famfo cikin masu ɓara, don ta ce zafi na sa mata jiri. Ranar kuwa ni ce a bakin babbar tukunya, na tashi ɗauko gishiri, sai miyar ta taso za ta zuba. Yaya ce ta fi kusa. Ta zabura, ta sunkuya kan wutar ta ja itace.

Warin muka fara ji, irin na robar da ta ƙone. Da ta ɗago, gaban hular ya narke ya dunƙule, ya manne mata a goshi. Zafi ya sa ta fizge ta ta yar a ƙasa.

Tsakar gida ta yi tsit. Ga Yaya tsaye da rana tsaka, kai a buɗe, gaban maza da mata. Ba ƙunar ce ta sa mu shiru ba, don ba ta da yawa. Kan ne kansa. Ya yi jajir da ƙuraje, shatin roba ya zagaye shi, bayan kunnuwa duk tsofaffin gyambo.

Dobri ya saki injin niƙa ya taso a hankali.

"Wutar ce ta yi miki wannan?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Gergana ce ta amsa. "Tun ranar da ka kawo ta, ɗan'uwa. Duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Ya tsaya yana kallon matarsa. Sai ya sunkuya ya ɗauki hular ya nufi wuta da ita.

"Kai, kai, kai!" Goggo Stoyna ta daka masa tsawa tana ɗaga muciya. "Ka jefa min wannan gashin dokin a wuta ka gani! Tattasan shekara guda za ka ɓata min?"

Yaya ce ta fara fashewa da dariya. Ta yi ta yi har ta zauna a kan buhu, daga nan dariyar ta koma kuka. Nadiye ta shiga ɗakinta ta fito da kindirmo mai sanyi da wani tattausan ƙyalle, ta shafa mata a goshi. Dobri ya durƙusa gabanta da hular a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Kalinche?"

"Kai da ka ci burodi tun daga Jamus har gida? Da wane baki zan faɗa?"

Nadiye ce ta san Goggo Araksi. 'Yar Armeniya ce, ta yi rayuwarta tana yi wa 'yan wasan kwaikwayo hulunan gashi a gidan wasa na gari, ta ajiye aiki tana zaune a wani ɗan gida a kan tudun tsohon gari. Da kan Yaya ya warke muka hau mu uku, ni da ita da Dobri, shi yana riƙe da kwalbar lyutenitsa biyu. Tsohuwar ta karɓi kwalaben, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai ne ka zaɓo hular farko?"

"Ni ne, Goggo."

"To ka yi naka. Ga benci can a waje."

Ta zaunar da Yaya gaban taga, ta shafa kan da yatsunta a hankali, ta auna ta ko'ina da zare. Ba ta yi maganar gashi ba tukuna. Tambayoyi ta riƙa yi: wane aiki take yi, a tsaye ko a zaune, tana yawan gumi, tana sa tabarau, ta wane gefe take raba gashinta a da.

"Kina rawa?"

"Da dai ina yi."

"Ban tambaye ki da ba. To wane iri kike so?"

"Irin nawa," in ji Yaya. "Baƙi, har ƙugu."

"'Yata, wancan a jikinki ya tsiro, shi ya sa ba ki ji nauyinsa ba. In na ɗora miki irinsa, kafin azahar wuyanki ya gaji. Kuma gashin yarinya 'yar ashirin ne. Ki bar shi can inda yake, ya yi kyau a hoto." Ta ɗauko wata 'yar raga mai laushi, ta ɗora mata a tafin hannu. "A kan wannan zan ɗaura shi, iska na shiga. Daga ciki in sa auduga. Tsawonsa iya kafaɗa. In kin sa ta kika wuni kina tunawa da ita, ki dawo min da ita, ban yi aiki ba."

Yaya ta murza ragar, sannan ta ce, "To, iya kafaɗa."

"Saura abu ɗaya," in ji tsohuwar. "Ba ni da gashi. Na mutum nake so, ba na roba ba, kuma ba a samunsa a kanti. Ku nemo min."

A ranar na yanke nawa. Amma nawa bai taɓa yin kauri ba, ko rabi ba zai kai ba. Washegari da safe Nadiye ta ƙwanƙwasa ƙofar Yaya, ta miƙa mata wani abu a naɗe cikin jarida, ta koma kan kekenta. Doguwar jela ce, baƙa, mai santsi. Shekarun da muka yi tare ba mu taɓa sanin tana da gashi haka ba.

Gergana kuwa ta tsaya a bakin famfo ta shelanta wa duniya cewa ita ba mahaukaciya ba ce, ba wanda zai taɓa mata kai. Bayan kwana biyu sai ga ta ta dawo daga aiki da kai kamar na ɗan makaranta. Ta jefa wa Yaya ƙunshi a cinya.

"Zafi ne ya dame ni a mota," in ji ta. "Kada wata ta ɗauka don ita na yi."

"Wa zai ɗauka?" in ji Yaya. "Kowa ya san ba ki da kirki."

Ta ƙarshe Goggo Stoyna ce, da 'yar siririyar jelarta fara fat. Da muka kai, Goggo Araksi ta jera su a kan tebur ta yi ta dubawa. Ta ce uku za su haɗu, har ma gara da launinsu ya ɗan bambanta, don gashin kan mutum ba ya zama launi ɗaya. Farar kuma ta mayar cikin jaridarta ta sa a aljihun tebur. "Wannan ba yanzu ba," in ji ta.

Duk lokacin sanyin nan ta yi tana aikin, sili-sili take ɗaurawa da wata 'yar ƙugiya. Dobri, duk sanda ya dawo daga tafiya, sai ya hau tudun nan cikin ƙanƙara ya faskare mata itace, amma ko sau ɗaya ba ta bar shi ya leƙa ba. Da itatuwa suka fara fure ta aiko mu zo. Ta ɗora wa Yaya hular, ta gyara, ta ɗan rage gaban da almakashi.

"Girgiza kanki. Da ƙarfi. Sunkuya. Yaya kika ji?"

Yaya ta kai hannu ta taɓa. "Ba na jin ta," in ji ta. "Donka, wallahi ba na jin ta."

Da muka fito, Dobri ya miƙe daga benci. Bai tambaye ta ko ta yi kyau ba. Cewa ya yi, "Tana matse ki? Ki faɗa min gaskiya."

A bikin ɗan Gergana, cikin bazarar nan, Yaya ta koma kan layi. Ina bayanta ina riƙe da hannunta, na ga yadda take wurga kai hagu da dama, gashi na bin ta. Tun daga nan hular ta zama ta gidan gaba ɗaya. Ranar Asabar in tana wanke ta a kwano ƙarƙashin rumfar inabi, sai ka ji Gergana daga taga tana cewa, "A hankali da nawa, ba tsumma ba ne!" Akwai wani ɗan tsagi a ƙeya da ba ya kwanciya ko an taje shi. Duk sanda ya miƙe sai Yaya ta ce, "Gergana, ga naki nan ya fara neman faɗa." Ta kife ta a kan babbar kwalba ta bushe a inuwa, ita kuma ta zauna cikinmu da ɗan ƙyallen auduga a kai muna shan kofi. Ban san lokacin da muka fi jin daɗin zama kamar shekarun nan ba.

Daga baya aka rushe gidan, da rumfar da famfon duka, aka rarraba mu a dogayen benaye, kowa da unguwarsa. Goggo Stoyna ba ta daɗe ba a hawa na sama, inda ba ta da wanda za ta yi wa faɗa, ta rasu. Yaya ta ci gaba da kai hular gyara duk shekara. Wata shekara, tana dab da hamsin, ta ce wa Goggo Araksi, "Duk sa'o'ina sun yi furfura, ni kaɗai ce baƙi ƙirin kamar mai rini. Har kunya nake ji." Tsohuwar ta jawo aljihun tebur ta fito da jaridar nan da ta yi rawaya, mai ɗauke da farar jelar nan. Ta ɗaura mata farin a gefen kunnuwa da ɗan kaɗan a gaba. Yaya ta dubi madubi, ta shafa farin da yatsa. Can ta ce, "Sannu da zuwa, Goggo Stoyna."

Nadiye ta tashi zuwa Turkiyya shekarar da Turkawa da yawa suka bar ƙasar. Yaya ta raka ta tashar jirgin ƙasa. Suka rungume juna, Nadiye ta shafa mata gashi ta ce, "Ki riƙe min wannan, ya zauna a gida." Ba mu ƙara ganinta ba.

Hular ta tsufa kamar yadda komai ke tsufa, ragar ta gaji, gashin ya yi ta raguwa, Goggo Araksi kuma ta rasu. A lokacin kantuna sun cika da huluna iri-iri, masu kyau da marasa kyau, Yaya ta iya zaɓe. Sai mata suka fara nemanta, yawanci waɗanda maganin ciwon daji ya zubar musu da gashi. Wata ta faɗa wa wata. Ta kan raka su kanti da kanta. Kafin su dubi launi sai ta juya hular ta sa su taɓa cikin da bayan hannu. Ta sa su zauna da ita a kai su yi hira, su girgiza, su sunkuya, su fita waje su gani a hasken rana. "Kada ki saya don ta yi wa 'yar tsanar tagar kanti kyau," haka take cewa. "Ita ba ta gumi. Kuma kada ki bar mijinki ya sayo miki shi kaɗai." Dobri, da ke kawo su a 'yar motarsa, yana tsaye a bakin ƙofa yana gyaɗa kai.

Da suka tsufa suka koma ƙauyen su Dobri a gindin duwatsu, gida mai ɗan lambu. Ganina na ƙarshe da su tare, da hantsi ne a ƙarshen rani. Na tarar da shi yana ɓarar wake, ita kuma tana zaune a inuwar wata babbar bishiya, kai a buɗe, yana sheƙi da man zaitun da ya shafa mata da safe. Muna cikin hira aka taɓa ƙofar lambu.

"Kalinche, baƙo," in ji shi, yana shirin tashi ya ɗauko mata hula.

"Wane ne?"

Ya leƙa. "Mai kawo madara."

"Zauna abinka, tsoho. Ya saba."

Dobri ya rasu cikin sanyin shekarar. Yaya ta ƙara shekara biyar a gidan, tana noman wakenta, kafin ta bi shi.